Ragon Inna Yana Hutawa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki daga nan Jamus. Yaya ƙafar taki? Yaya Baffa da su Auta, da duk mutanen garinmu Babban Mutum? Ni lafiya lau nake, karatu yana tafiya. Wandona ne dai ya fara yi mini yawa, amma laifin tela ne.

Inna, na ga abin da ya ɗaure mini kai. Tunda ban san mai yi wa mutanen nan yanka ba, na haƙura da nama. Da makaranta ta tura mu wani gari, na sha yawo kafin na samu gidan abincin da ba a dafa nama sam. Na ce alhamdulillahi, a ba ni nono. Matar da ke sayarwa ta ce ba sa taɓa shi! Wai nono haƙƙin maraƙi ne. Ba ƙwai, ba man shanu, ko zuma ba sa lasa. Wallahi da hankalinsu, kuma ba talauci ba ne. Awara ta kawo mini.

Tana da kirki. Da ta ga hotona da ragon nan naki mai baƙin kunne, har da dafe ƙirji, ta tambaye ni lafiyarsa. Inna, shi fa aka yanka ranar walimar tafiyata! Na haɗiye awarata, na ce yana hutawa.

A sa ni a addu'a. In an samu mai tahowa, a ba shi kilishi, don gobe ma wurinta zan ci.

Ɗanki,
Nu'uman