Man Gyaɗa a Injin Maigidana

Assalamu alaikum Malam mai wannan shafi, da ku masu karatu maza da mata. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni matar direba ce a zangon Bawku, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Maigidana yana da mota mai bodin katako, yana kai albasa Salaga ta hanyar Yendi, ya dawo da goro. Yadda yake lallaɓa motar nan ko 'ya'yansa bai lallaɓa haka ba, kuma ba sharri nake masa ba. Galan ɗin man injinsa ma ba ya barinsa a tasha, ƙarƙashin gadona yake turawa. To, ranar wata kasuwa yayana ya zo daga Zebilla hankali a tashe, jakunansa sun yi kirci, an ce masa man mota ake shafa musu. Shi da maigida ba sa ga maciji, na san ko na roƙa ba za a bayar ba, ga shi da jakunan nan yake ciyar da tsofaffinmu. Sai na tsiyaya masa kusan rabin galan, na ɗauko man gyaɗa mai kyau wanda na tace da hannuna, na cike gurbin, na girgiza. Na ɗaga na duba, launi ɗaya. A raina na ce mai ai mai ne, wanda ɗan Adam ke ci ya kwana lafiya shi zai cuci ƙarfe? Har wani daɗi na ji wai na yi dabara, ku ji shirme.

Maigida ya juye man nan a inji ya kama hanya. Tafiyar farko lafiya lau, ta biyu ma haka, har na manta. Wata rana sai ga shi ya dawo a wujiga-wujiga, motar tana ƙwas-ƙwas-ƙwas tun daga bakin layi kamar ana sakwara a cikinta. Wai tun bayan Yendi ƙarar ta fara, allurar mai tana faɗuwa, da ƙyar ya lallaɓo gida. Ya aika aka kira amininsa mai gyaran mota, Fita muke ce musu a nan. Tare suka tashi, shi ke sayar masa da mai, kuma sunansa muka sa wa ɗanmu na fari. Ina bayan zana ina leƙe. Fita ya ɗora sukundireba a jikin injin ya kanga kunne, ya matsa nan ya matsa can, ya ce ba daga sama ƙarar take ba balle a ce ɗauri ne ya saki, daga can ƙasa take, ƙarfe ke cin ƙarfe. Ya zaro sandar awon mai ya murza a yatsa, abu ya yi danƙo. Da ya kwance ƙasan injin man ya zubo a kwano, warin ya iso har inda nake tsaye. Ni da na ƙare rayuwata a bakin kasko, a ce ban san warin man gyaɗan da ya ƙone ba?

Fita ya shinshina ya ce, “Wannan ba man da na ba ka ba ne. Ƙosai ka soya a ciki?”

Da wasa ya faɗa, amma maigida ya hau sama. A gaban jama'a ya kira shi macuci, ya ce shi ne yake gauraya mai yana sayar wa mutane. Fita ya tattara spanoninsa ya wuce. Ni kuwa ina tsaye bayan zana da matsami a hannu. Me ya hana ni fitowa a lokacin? Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ina jin kunyar faɗin haka.

Yanzu magana ta kai gaban Sarkin Zango. Direbobi sun fara janye motocinsu daga wurin Fita, matarsa ta daina amsa gaisuwata a bakin famfo. Dattawa sun yanke cewa kowa zai dafa Alƙur'ani, amma sai bayan Sallah, don ba sa son rantsuwa cikin azumi. Fita zai rantse mai tsabta ya sayar, kuma gaskiyarsa ce. Maigidana zai rantse cewa tun da galan ɗin ya shigo gidansa babu hannun da ya taɓa shi sai nasa. Kun san abin da ake gudu ga wanda ya dafa Littafi a kan ƙarya, ga shi mutumin da kullum yana kan hanya. Azumin nan ina yinsa ne kawai, in na tayar da salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. In na faɗa, na tona kaina, na jawo yayana ciki, na sa mijina ya durƙusa wa wanda ya zaga a bainar jama'a, kuma ban san ko zan ƙara kwana a gidan nan ba. In na yi shiru fa?

Shekaranjiya na yi ta maza, na kai wa maigida kunu na ce, “Malam, ko dai a bar rantsuwar nan, a ba Fita haƙuri?”

Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, “Da a tasha na ajiye galan ɗin, da na yi shakka. A ɗakinki fa yake. In ban rantse a kanki ba, a kan wa zan rantse?”

Na koma madafa na yi kuka har tuwo ya kama. Azumi ya shiga goman ƙarshe, mutumin nan zai ɗora hannunsa a kan Alƙur'ani saboda ya yarda da ni. Jama'a, don Allah, me zan yi?