Kar Ka Sake Fita Ba Ka Karya Ba

Baban Nura,

Na tafi Bungudu, yau yara ke fara jarrabawa. Na ga barci ya ɗauke ka, ban tashe ka ba.

Wataƙila ba za ka tuna ba. Da ka dawo daga tattakin safe, a zaure ka yanke jiki ka faɗi, gumi ya jiƙa maka riga. Na ɗago kanka, ka dube ni ka ce, "Wace ce?" Sai da Malam Muktar maƙwabci ya lasa maka zuma kafin ka gane ni. 

Likita cewa ya yi ka rage ƙiba a hankali. Bai ce ka sha maganin suga ba ka karya ba, sannan ka zagaye Damba a ƙafa. Tumbin da ya shekara ashirin yana taruwa ba a sati ɗaya zai tafi ba.

Ga dafaffen wake da kwaɗon zogale a kula. Don girman Allah ka ci, ka zauna gida sai na dawo mu je asibiti tare.

Ina fitowa daga aji zan kira. Ka ɗauka, ko "ina nan" kaɗai za ka ce.

Luba