Zuwa Ga Dije, Wadda Ta Ce a Nemi Mai Hannu Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Malama Hadiza, wadda kowa a gidan nan ke kira Dije. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi miki sannu da jiki, ina gaida yayanki Malam Buba da iyalinsa da duk mutanen rugarku ta bayan Gwiwa. Na san ba kya karatun boko, shi ya sa na sa wasiƙar nan a shafina, inda 'yarki Hanne za ta gani ta karanta miki. Na roƙe ta kada ta tsallake ko layi ɗaya. Kwana uku na yi ina rubutawa da gaɓar ƙaramin yatsana, wanda kin san shi kaɗai ya rage yana jin maganata, don haka ki daure ki saurara har ƙarshe.

Yau sati uku da aka sallame ki daga asibiti a Kano. Motar da na tura ta ɗauko ki ta dawo Kazaure babu kowa a bayanta. Direba ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, da ƙyar ya iya faɗin saƙonki: wai a gaya wa Hajiya ta nemi mai hannu biyu. Tun daga ranar ina kiran wayar Hanne, ina jin muryarki a gefe kina cewa a ce min kina barci. Dije, tsoro nake ji. Ban taɓa faɗa miki wannan kalmar ba, yau na faɗa a gaban jama'a.

Kin tuna yadda kika same ni. A lokacin shekara biyu ke nan da motarmu ta ƙwace a hanyar Babura, ƙashin bayana ya karye, daga ƙirji zuwa ƙasa ya daina zama nawa. Maigidana ya riga ya rasu, yara suna can wuraren aikinsu. Ni da na yi shekaru ina shugabantar makarantar 'yan mata, ana jin takun takalmina a yi tsit, na koma sai an juya ni. Masu jinya huɗu na kora da bakina. Ta huɗun ta fita da hantsi tana kuka, ni kuma na miƙa hannu zan ɗauki tabarau, keken guragun da nake kai ya kife da ni a tsakar gida.

Na fi awa guda a kwance a rana. Ina kallon cinnaku suna hawa ƙafata, ina ganin suna cizo, ba na jin komai. Na yi kira har muryata ta dushe. Sai ga sallamarki, mai tallan nono da ban taɓa ɗaga kai na kalla ba. Kika sauke ƙwarya, ba ki yi salati ba, ba ki yi kururuwa ba, kika karkaɗe cinnakun da gefen zaninki kika ɗauke ni cak. Kina ajiye ni a gado kika ce, "Hajiya, ɗan maraƙin kwana uku ya fi ki nauyi. Ba sa ba ki abinci ne, ko ke ce ba kya ci don masifa?" Shekara biyu babu wanda ya yi min magana sai da muryar ta'aziyya. Na buɗe baki zan zage ki, sai dariya ta kubce min.

Yarana ba su so ba. Suka ce ta yaya wadda ba ta iya karanta sunan magani ba za ta riƙe ni. Kika ɗaura jan zare a kwalbar safe, baƙi a ta yamma, kuma ba ki taɓa kuskure ba ko sau ɗaya. Gyambon da kwanciya ta yi min a ƙugu, wanda har ya fara wari, ke kika warkar da shi da juyi a kan kari da wankin da ma'aikaciyar asibiti ta koya miki. Da kika ji tsofaffin ɗalibaina suna ce min Firinsifal, bakinki ya ƙi kamawa, kika mayar da ni Hajiya Fursuna. Da na gyara miki kika ce ai naki ya fi daidai, tunda shekara biyu ban leƙa ƙofar gida ba.

Ba ki bar maganar a nan ba. Wata Juma'a da la'asar kika tsayar da adaidaita sahu a ƙofar gida, kika ɗora ni, kika ɗaure ni a jikin ƙarfen kujera da mayafinki kamar dami, kika ce wa mai keken bakin dam. Tun daga gida nake yi miki barazanar kora. Duk ramin da ya faɗa sai na ga kamar zan sulale titi. Ke kuwa kin dafe ƙirjina da hannu ɗaya kina yi wa mai keken faɗan bai iya gudu ba. Da muka isa na ga ruwa da duwatsun garin da aka haife ni, sai hawaye suka zubo min. Kika ɓare rake kina sa min a baki, ba ki tambaye ni dalilin hawayen ba.

Sai fim ɗin nan da ɗana Kabiru ya turo mana bara, na wani attajiri da jikinsa ya shanye da talakan da aka ɗauka ya yi jinyarsa. Ya ce zai tuna mana da kanmu. Muka kalla bayan azahar, kina tsefe min kai. Kin yi dariya har kina buga cinya, amma da aka gama kika taɓe baki. Kika ce attajirin bai kai ni jaraba ba, kuma kin zuba ido tun farko ba ki ga inda aka nuna wankin fo ko canjin robar fitsari ba, alhali nan ne aikin yake. Kika ƙara da cewa, "Kuma shi mai jinyar ko ciwon kai bai yi ba. Ƙarfe ne shi?" Na yi dariya na wuce maganar. Ban san a lokacin kin yi wata biyu da jin wani ƙullutu a ƙirjinki ba.

Ranar da na sani, da safe ne kina ɗauko ni daga wanka. Hannunki na hagu ya saki. Muka zube tare a kan siminti, fuskata a kan ƙirjinki. Kumatuna ya ji wani abu mai tauri kamar dutse, kika yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinki ba. Da kika ja jiki na ga jini da ruwa sun ɓata gaban rigarki, ga tsummokaran da kike cusawa. Wata takwas kina shafa man shanu da garin sassaƙe, kina ɗaga ni sau shida a yini a kan wannan ciwon. Na gane shi nan take, domin shi ya ɗauki ƙanwata Binta, ita ma ta ɓoye har ya fashe.

Akwai abin da ban gaya miki ba, kuma shi ya fi komai ci min rai. Muna kwance a ƙasan nan, abin da ya fara zuwa zuciyata ba ke ba ce. Cewa na yi a raina, to ni wa zai riƙa ɗaga ni? Kafin in tausaya miki sai da na tausaya wa kaina. Ina jin kin gani a idona, don kin san fuskata fiye da yadda na san ta. In wannan kallon ne ya sa kike ganin hannuwanki kawai ake so a gidan nan, to laifina ne, ki yafe min.

Kika ce ba za ki asibiti ba, yanka mutane suke yi, kuma wa za ki bar wa Hajiya. Na ce to ni ma na daina cin abinci. Kika ɗauka wasa ne. Kika dama fura da nonon rugarku kika ajiye a gabana, na kawar da kai. Kika yi dambun zogale kina fifita ƙamshinsa wajena da faifai. Yini biyu muna haka, kina zagina da Fulatanci ina ramawa da Turanci. A na uku jiri ya fara ɗibata, kika tsaya a kaina da gyale a kafaɗa kika ce, "Tashi ki ci, muguwa, na tafi a yanka ni."

Ranar tiyatarki na sa aka ajiye ni a tsakar gida tun safe, waya a kan cinyata. Duk ƙarar da ta yi sai in ɗauka labarinki ne. Ba na iya tashi in yi zirga-zirga kamar yadda masu jira ke yi, ba na iya riƙe carbi, sai da baki nake ja. Har aka kira la'asar babu labari. Da Hanne ta kira ta ce kin farfaɗo, har kin tambaya ko an juya Hajiya, sai da maƙwabta suka shigo saboda kukan da na yi.

Yanzu ga abin da ke tsorata ni. Hanne ta gaya min abin da likita ya ce. An cire nonon duka da ƙullutan hammata, hannun hagu ba zai ƙara ɗaukar nauyi ba. Ya kuma ce aikin bai ƙare ba, sai kin riƙa komawa ana yi miki ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi, in ba haka ba ciwon zai iya dawowa ta wani wuri. Na farko ranar Talata mai zuwa ne. Ke kuma kin ce kin gama da asibiti, kin ba su abin da suke so, a bar ki ki zauna wajen shanu. Binta ma haka ta ce. Wata bakwai ta ƙara a duniya, kuma ni na zauna a gefenta na ga yadda watannin suka kasance. A lokacin ina da ƙafafu ma ban iya yi mata komai ba. Duk sanda wayata ta nuna sunan Hanne, sai na bari ta yi ƙara sau uku kafin in iya taɓawa.

Kada ki damu da jikina. An samo wata mai suna Ladi, ta yi karatun jinya, tana da tsafta da ƙarfi, tana juya ni a kan lokaci. Ba ni da abin da zan ce ta yi ba daidai ba. Komai na faɗa sai ta ce, "To, Hajiya." Jiya da gangan na ce mata shayin ya yi gishiri, ta ce to Hajiya, ta je ta sake wani. Na bi ta da kallo, gidan ya yi min faɗi.

Saboda haka mai hannu biyu da kika ce a nema an samu, wannan gurbin ya cike. Ba aiki nake kiranki ba. Na sa an fitar da kabad ɗin littattafaina, an shigo da gado na biyu ɗakina, ta wajen taga inda iska ke shigowa. Daga nan Kano ta fi kusa a kan rugarku. Na gaya wa yarana, babu wanda ya yi musu. Ladi ta yarda za ta kula da mu biyu, na kuwa gargaɗe ta cewa ke kin fi ni wuyar sha'ani. In maganin ya sa ki amai, ba zan iya riƙe miki kwano ba, ba zan iya shafa miki baya ba. Abin da zan iya shi ne in kasance a gadon da ke kusa, ina yi miki surutu har ki ji haushi ki manta. Ranar Talata kuma, in kin yarda, a ɗaure ni a kujerar mota mu tafi tare. Tun hatsarin ban hau babban titi ba, ko tunaninsa na yi sai gumi ya karyo min. Zan hau.

Direba zai iso rugarku ranar Litinin da hantsi. Na ce masa kada ya yi miki magiya, kada kuma ya dawo. Ya kashe mota ya zauna a gindin bishiya har ki fito, ko da zai kwana uku a nan. Kin san Malam Buba ba zai iya kallon baƙo a ƙofarsa haka ba, kin kuma san ni.

Ya Allah, Kai ka san abin da baiwarka Hadiza ta ɗauka a ɓoye ba ta gaya wa kowa ba. Ka ba ta lafiya wadda ba ta barin wata cuta a baya. Ka sa abin da aka cire ya zama iyakar ciwon ke nan. Ka cire mata tsoron asibiti, Ka tausasa zuciyarta ta shiga motar nan. Ka jiƙan Binta da iyayenmu. Ni kuma Ka yafe min son kaina, kada Ka nuna min ranar da za a kira ni a yi min gaisuwarta. Amin.

Ki taho da zannuwanki duka, kada ki ɗauko jaka da hannun hagu.

Wassalam.

Yayarki,
Rabi, daga Kazaure.