Duro Uku na Baƙin Mai

Baba,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta kai gare ka ba, amma yau hannuna ya ƙi ajiye biro.

Gida lafiya. Dada, mahaifiyarmu, tana nan da ciwon ƙafarta, kuma har yanzu kofinka take fara wankewa. Ɗanka Usmanu ya samu ɗa, an sa masa sunanka, ya kwaso har taurin kan. Makanikan unguwar Damilu suna gaishe mu, wai tun da ka tafi babu mai yi musu faɗa, sun rasa abin da ke musu daɗi.

Ƙuruciyarka duk a matatar mai ta ƙare, a sashen da ake tace ruwan datti kafin a sake shi rafi. Da ka yi ritaya ka dawo Jimeta, tsarabarka tari ce da ƙin jinin ganin mai a ƙasa. Kullum kana bin gareji da jarka, kana karɓar baƙin man da aka juye daga inji don kada a zuba a kwata. Ka tara a duro a bayan gida, masu katako su ɗiba su shafa saboda gara. A makaranta 'yar baƙin mai ake ce min. Aikinka ya ba ni kunya a lokacin, Allah ya yafe min.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Shekarar da mutanen Mubi suka gudo daga rikici, kana kwance a asibiti, gidanmu ya cika da 'yan'uwan Dada har babu wurin shimfiɗa tabarma. Sai na dubi duro ukun nan da suka tare bayan gida. Ana ruwan sama na kwantar da su, na buɗe, na bar man ya bi kwata. Na ɗauka ruwa zai wanke komai. Ashe lambun Bappa Sali, maƙwabcinmu na gangare, ya nufa. Alayyafonsa da yakuwarsa suka ƙone, ƙasar ta ƙi shuka, shi da yake ci da iyalinsa daga wurin.

Da aka sallamo ka, na ce masu katako ne suka kwashe. Ka dube ni, ka ce to. Washegari ka ɗauki fartanya. Wata da watanni kana kai kashin shanu lambun, kana juya ƙasar kana tari, ni kuma na yi gum. Me ya hana ni buɗe baki? Tsoron faɗanka, ko tsoron kada ka daina kirana uwata?

Jiya na kasa daurewa, na je wurin Bappa Sali na gaya masa ni ce. Ya ce ai ranar da ka fara zuwa da fartanya ka durƙusa a gabansa, ka ce kai ka sa a zubar, ka roƙe shi gafara, kuma ya yafe tun a ranar.

Kai, Baba? Kai da ko ɗigon mai ba ka yarda ya taɓa ƙasa? Ka bar unguwa ta yi ta cewa mai wa'azi ya ci amanar wa'azinsa, har ka koma ga Allah ba ka wanke kanka ba, don kada a nuna ni da yatsa.

Gobe Juma'a Bappa Sali zai faɗi gaskiya a ƙofar masallaci, ni na roƙe shi. Sunanka zan mayar maka, ko da na makara.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu da alheri.

'Yarka da ka rufa wa asiri,
Dijja