Motar Baba ta dafa miyar kuka a hanyar Roni

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya iyali, ya sanyin Jos?

Motar marigayi Baba ta yi zafi a hanyar Roni. Fanka na juyawa, amma tururin da ke fita daga injin ƙamshin miya yake. Na zauna bisa dutse ina shaƙa, kamar ina tsakar gida Inna na kaɗa tukunya. Bakanike ya ce garin kukar da Baba ke zuba wa lagireto don toshe yoyo ne ya cushe shi: "Alhaji, tuwo kawai ya rage."

An wanke, ta warke. Amma mai sayen da ka turo, na ce masa injin ya ƙone. Ka bar min ita, Yaya.

A sa mu a addu'a, a gaida yara.

Ƙaninka,
Habu