Ƙa'ida ta Bakwai

Litinin, 4 ga Nuwamba

Wasa uku na saka wa kuɗi jiya, duka ukun suka zube. Banzaye! Ana biyan ƙato albashi don ya bugi ƙwallo, ya tsaya da sanda a kafaɗa yana kallonta ta wuce kamar mai jiran mota a tasha.

Duk da haka asusun lafiya lau. Peso dubu hamsin na ware farkon kakar besbol, wasan nan na jifan ƙwallo da bugunta da sanda, na raba shi kashi ɗari, ɗari biyar-biyar. Kashi ɗaya kowane wasa, ko sama da ƙasa za su haɗe. Saura tamanin da huɗu. Shekara tara ke nan ban taɓa kuɗin shagon askina ba, ban taɓa na cefane ba, amma matar nan tawa Belkis ta buɗe baki ta ce min ɗan caca. Ni Teo? Ɗan caca ai ubana ne, wanda ya rasa gidanmu na nan San Pedro wajen faɗan zakaru don kawai yana son wani jan zakara. So ne ya kashe shi. Ni lissafi nake yi, kuma so ba ya shiga littafina.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ina tsakiyar yi wa mutum aski Belkis ta faɗo shago ko takalmi ba ta sa daidai ba.

"Tsoho! An ba Wascar dama! Ran Lahadi shi zai buɗe jifa!"

Saura ƙiris in yanke wa bawan Allah kunne. Wata goma sha shida tun da aka yi wa ɗanmu aiki a gwiwar hannu. Wata goma sha shida yana matsa ƙwallon roba a falo, yana shiga banɗaki ya yi kuka, a zatonsa ba ma ji. Na rungume ta gaban kowa, na ce yau aski kyauta.

Sai da na rufe shago na tuna da ƙa'ida ta bakwai a littafin lissafina.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Da hannuna na rubuta ta: duk mai jifan da ya dawo daga aikin gwiwar hannu, a wasansa na farko a zuba kashi biyu a kan abokan karawarsa. Ƙarfin hannu na riga saiti dawowa. Sau ashirin da shida na bi ta, sau goma sha tara ta ci. Ita kaɗai na yarje wa kashi biyu.

Ban rubuta "sai dai in ɗanka ne" ba. Na duba har sau biyu.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Nicanor! Tun muna yara bakinsa ke ja masa duka, har yanzu bai yi hankali ba. Shago cike da mutane ya miƙe ƙafa a kujerata ya ce, "To, farfesa, me littafi ya ce game da Lahadi?"

Duk sun san ƙa'idar, ni na dame su da ita. Sai ya juya gare su.

"Ku ƙyale shi. Ashe lissafin na 'ya'yan wasu ne. Shekara tara yana kiranmu jakuna masu bin zuciya. Mutumina, barka da shigowa garke!"

Har wanda nake wa gyaran gemu sai da ya yi dariya. Na ce wa Nicanor ya rufe min baki ko ya fita da rabin kai a aske.

Kuma tsakani da Allah, takardata ce za ta jefa ƙwallon? In saka, in bari, abin da hannun yaron zai yi shi zai yi. In na tsallake ƙa'ida yau saboda so, gobe na zama ubana.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na saka. Dubu ɗaya, a kan ƙungiyar babban birni, abokan karawar su Wascar.

Yudelka mai karɓar kuɗi a shagon caca ta ɗaga kai. "Malam Teo, ka duba da kyau? Wascar ne fa zai…"

Na ce shawara aka ɗauke ta ta bayar? Ta buga min takardata.

Na wuce kai tsaye na nuna wa Nicanor. Bai yi dariya ba. Wai, "Haba, Teo, ni fa wasa nake." Wasa! Sai yanzu.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Belkis ta goge min farar riga. Ba ta sani ba. Takardar tana aljihun wandona.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Jiya zagaye biyun farko ba wanda ya taɓa ƙwallonsa. Na yi ihu har murya ta dishe, na kama wani da ban sani ba ina jijjiga shi, ina cewa ɗana ne wancan, ɗana ne! Na manta da komai, Allah shaida.

A zagaye na uku saitin ya gudu. Jifa takwas a jere duk a waje, masu bugu biyu suka wuce kyauta ba su ko buga ba. Na ukun ya maka wa ƙwallon sanda ta haye katanga. Koci ya fito ya cire shi daga wasan. Yaron ya taka zuwa benci kansa a ƙasa, mutane na ta zaginsa, marasa mutunci, waɗanda ko lemo ba za su iya jefawa daidai ba. Bakwai da biyu aka tashi, an ci su Wascar.

Ga abin da ba zan gaya wa kowa ba. Lokacin da ƙwallon nan ke sama, Belkis ta riƙe hannuna tana cewa wayyo ɗana. Ni kuwa kafin tausayinsa ya zo min, kaina ya riga ya ce: ɗari takwas da hamsin riba. Da kansa ya lissafa, ban sa shi ba.

Talata, 12 ga Nuwamba

Gari ya ɗauka. Ko Yudelka ko Nicanor, duk bakinsu ɗaya. Munafukai.

Wascar ya zo shago da rana, hannu naɗe da ƙanƙara. Ko zama bai yi ba.

"Baba, nawa ka ci?"

Na fara yi masa bayani, sau ashirin da shida, ba shi nake nufi ba, ƙa'ida ce.

"Nawa na tambaye ka."

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai. "Ashe ba ni da tsada." Ya fita.

Da ma zagina ya yi. Belkis ta dafa shinkafa da wake ta rufe tukunya, ta ce littafin ya zuba min. Kowa ya samu abin faɗa! Na saci kuɗin wani ne? Ni na yi jifa takwas a waje?

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ban je karɓar kuɗin ba. Layi ya yi yawa. Na kira Wascar sau uku, bai ɗauka ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau ma na je filin da yake atisaye da safe, kwana na biyu ke nan. Shago ba ya cika kafin goma, shi ya sa. Jiya ko kallona bai yi ba. Yau da ya zo shan ruwa ya tsaya jikin shingen waya, bai juyo ba.

"Ran Talata zan sake jifa. Me littafin ya ce?"

Na ce ban duba ba.

"Kai ɗin?" Ya yi tsaki ya koma.

Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma Allah ya sani gaskiya na faɗa masa, tun Litinin ban buɗe ba. Ba wai na bari ba ne. Na zauna har ya gama, sai a hanyar shago na lura ban ƙirga jifansa nawa suka shiga nawa suka kauce ba. Ina jin mantuwa ce kawai.