Ni Na Cika Wa Anti Fom Ɗin Tanis, Yanzu An Ce In Faɗi Matakinta Na Gaskiya

Wata 'yar uwa ce ta turo wannan, ta roƙi a ɓoye sunanta.

Salama gare ku 'yan uwa, barkanku da warhaka. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ba ni da wanda zan zauna in faɗa wa da baki shi ya sa. Na san wasu za su ce duk matsalolin duniya a rasa abin da zai dami mutum sai wasan tanis, ni ma da wata ce ta rubuto haka zan ce, amma ku karanta tukuna.

Shekarata tara a ƙasar waje, a garin Greensboro, muna zaune ta wajen McLeansville, inda sai ka taka sosai kafin ka kai ƙofar maƙwabci. Ina aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi. Maigidana babbar mota yake tuƙawa, sai ya yi sati biyu bai shigo gida ba, 'yarmu guda ɗaya kuma tana jami'a a wani gari, in ta kira ma ina Hausa tana amsa min da Turanci. A coci ana gaisawa ana murmushi, ana tashi kowa ya nufi motarsa. Akwai ranar hutun da nake wuni ban buɗe baki na yi magana da kowa ba.

Likita ce ta ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini, shi ne na koyi tanis, daga baya na shiga lig ɗin mata, wato gasar da tim-tim ke karawa, wanda ake bugawa biyu-biyu. Yadda abin yake, ana raba 'yan wasa mataki-mataki, uku, uku da rabi, huɗu, har sama, don kowa ya kara da daidai shi. Sabon shiga shi yake faɗin matakinsa da kansa, ya cika fom a intanet, amana ce kawai. Ni a uku nake. Shekara biyu ana ta cinye mu, bara da aka rasa mai son zama kaftin sai aka ɗora min, don ni ce mai zuwa da wuri in kawo ruwa. Matan tim ɗin ba su da wulaƙanci, amma ana gama wasa za su ce sai Asabar, su tafi shan kofi su kaɗai.

Wata rana a shagon kayan abincin Afirka na ji wata dattijuwa tana waya da Hausa, tana cewa ba ta ga yakuwa ba sai busasshiya. Na tsaya bayanta kamar mai duba gwangwanin manja ina saurare, har ta gama na gaishe ta. Zan kira ta Anti Rifkatu, ba sunanta ba ne. 'Yar wajen Bauchi ce, malamar makaranta da ta yi ritaya, ta haura sittin, mijinta ya rasu, ta zo zama wurin 'yarta a unguwar Irving Park. 'Yar da mijinta duk likitoci ne, da safe su fita sai yamma, ita kuma ba ta tuƙi, ga gida ƙato ba kowa. Na ce zan kai ta gida, da zan sauke ta ta ga raket ɗina na buga tanis a bayan mota, ta ɗauka tana jujjuya shi, ta ce da can ta ɗan taɓa bugawa.

Na yi murna ba kaɗan ba, na ce ta shigo tim ɗinmu. Ni na cika mata fom a wayata, muna zaune a mota. Akwai tambayar da ke cewa ko mutum ya taɓa buga wa jami'a ko wata babbar gasa, na karanta mata, ta yi dariya ta ce wannan tsohon zance ne, in sa babu kawai. Gaskiya raina ya ba ni akwai magana a ciki, amma ban tona ba, don na san in amsar e ce sama za a kai ta, ba za mu yi tim ɗaya ba. Na sa babu, na sa mataki uku.

Daga nan rayuwata ta canza. Talata da Asabar in je in ɗauko ta, muna tafe muna hira, ta ba ni labarin ɗalibanta, ta yi min faɗa kan shan lemo, wani lokaci ta ƙullo min dambu a roba. A fili kuwa ni da ita ba a taɓa cin mu ba, wasa bakwai a jere. Ba ta gudu, tsayawa take kusa da raga ta ajiye ƙwallo inda ba kowa, bugunta na farko kuma, wanda ake buɗe wasa da shi, da wuya a mayar.

Wata biyu da suka wuce ina ɗakinta ta ciro hotuna daga jaka, sai ga wata budurwa da fararen kaya ta ɗaga kofi. Ita ce. Ashe shekara huɗu ta buga wa jami'arsu, har jiharsu ta wakilta, sannan aure da aiki da haihuwa suka zo ta ajiye sama da shekara talatin. Ta ce in bar shi tsakaninmu, ko 'yarta ba ta cika sanin labarin ba. Ban faɗa wa kowa ba, muka ci gaba da bugawa.

Asabar ɗin da ta wuce muka ci wasu mata biyu, ko wasa ɗaya ba su samu ba. Ɗayarsu sa'ata ce, da gani ba ta daɗe da farawa ba, duk ƙwallon da ta zubar sai ta juya ta ba abokiyarta haƙuri, har ƙarshe ta daina ɗago kai. Na san wannan yanayin, shekara biyu ina cikinsa. Kaftin ɗinsu ta shigar da ƙorafi cewa Anti ta ɓoye matakinta. Litinin mai kula da lig ta turo min imel, ta ce tunda ni ce kaftin kuma ni ce abokiyar wasanta, in rubuta abin da na sani game da tarihinta da matakin da nake ganin ya dace da ita, zuwa Juma'a. In aka tabbatar, za a soke duk wasannin da muka ci, a ɗaga ta sama, tim ɗinmu kuma ya fita daga zagaye na gaba da bai taɓa kaiwa ba.

To ni kaina ban san matakinta na gaskiya ba, wannan ne yake cina. Hannunta ya fi na uku nesa ba kusa ba, amma gwiwarta ta lalace, in aka sako ƙwallo gajere kallonsa kawai take, bayan wasa da ɗingishi take kaiwa mota, ni nake ɗora mata ƙanƙara. A mataki huɗu akwai 'yan shekara talatin masu gudu kamar ba gobe, wasa biyu za su kwantar da ita. Wanda ya rubuta tambayar fom ɗin bai yi tunanin mai irin ƙafarta ba, amma dai tambaya ce, kuma ni na amsa ta ba daidai ba.

Jiya matan tim suka gayyace ni wani shagon kofi a Elm Street, karo na farko ke nan. Suka ce in rubuta cewa tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, sa'a ce kawai take samu, ɗaya har ta riƙe hannuna ta ce sun yi dace da kaftin. Ba su san zancen hotunan ba. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin zaman nan, har na ji kunyar yadda na ji daɗinsa.

Daga can na wuce wurin Anti, na faɗa mata komai a mota. Da farko ta yi fushi, ta ce wa ya aike ni in buɗe bakina, abin da ta nuna min a ɗakinta amana ce, kuma ba ita ta riƙe wayar ba ranar cika fom. Ni ma na ɗaga murya na ce ita ta ce in sa babu, abin da ban taɓa yi mata ba. Sannan ta ce:

"Ke 'yata, ni ba kofi na zo nema ba, na ci na gaji. Ƙarar motarki nake jira Talata da Asabar. In suka ɗaga ni ba zan je cikin waɗanda ban sani ba, na ajiye ke nan. Ki rubuta abin da za ki iya kwana da shi."

Ta fita ta shiga gida. Na kira sau uku yau ba ta ɗauka ba. Na kira maigidana yana kan hanya, ya ce wasa ne fa, in bar shi kawai, sai layi ya katse.

Don Allah 'yan uwa, in faɗi gaskiya duka, har da cewa ni na cika fom ɗin, in tona sirrin da ta ba ni, in rasa tim ɗin kuma wataƙila in rasa ita? Ko in rubuta zancen shekaru da gwiwa kawai, wanda ba ƙarya ba ne amma ba shi ke nan ba, a ci gaba da cinye matan da suka faɗi matakinsu tsakani da Allah? Masu buga tanis a cikinku, wanda ya ajiye wasa shekara talatin, da tarihinsa ake auna shi ko da ƙafarsa ta yau? Na buɗe imel ɗin ya fi sau goma, gaisuwa kawai na iya rubutawa. Yau Laraba. In ku ne, me za ku rubuta?